Shekarar da Na Cinye Iri

Bana ruwa ya yi mana rowa. Kusan sati uku ke nan hadari na haɗuwa ta gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin har mata su kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a kwana ana gumi. Shekaranjiya ina zaune a ƙofar gida nan unguwar Ɗan Iya ina fifita, ɗana Nasiru ya zo ya zauna kusa da ni da rediyonsa. Muhawara ake yi a kan ƙaramar sakandare, ko a bar ta ita kaɗai, ko a haɗe ta da babba, ko a manna ta a jikin firamare. Abin ya shafe shi, don 'yarsa Hafsatu bana take gama aji shida.

"Baba, ni dai da za a haɗe su kowa ya huta," in ji shi. "Gini ɗaya, shugaba ɗaya. Mene ne amfanin wata makaranta a tsakiya?"

Na ce masa ya tambayi wanda ya dace, don ni ɗan Midil ne, kuma ba don makarantar tsakiyar da yake rainawa ba, da yanzu shi ɗan maɗinki ne yana zare allura a zaure. Ya yi dariya, ya ɗauka irin zolayata ce. Ba zolaya ba ce. Irin wannan bazarar ce ta same ni a shekarata ta farko a can, kuma saura ƙiris ta zama ta ƙarshe.

A zamaninmu, tun Turawa na nan, yaro kan yi shekara huɗu a elemantare. Wanda ya ci jarrabawa sai a tura shi Midil, makarantar kwana, inda ake tara yara daga ko'ina cikin lardi. Daga nan kaɗan su wuce kwaleji, sauran su kama aiki a En'e. A elemantare ni ne sarki. Na fi kowa tsawo, ni ke riƙe da bulalar malam, ni ke rubuta sunan masu surutu. Da na shiga Midil sai na tarar da sarakuna irina talatin a aji ɗaya, kowa ya baro tasa masarautar. Dukanmu muna tsakanin sha ɗaya da sha biyar, murya ta fara fashewa, wando ya fara ɗagewa sama da idon sawu, ba mu kai a kira mu samari ba, kuma in ka ce mana yara mu yi fushi.

Mahaifina maɗinkin riguna ne a Ƙofar Wambai, mai aikin hannu, irin wanda zai yi wata uku a kan wuyan riga ɗaya. Bai taɓa son boko ba. Ya bar ni na tafi ne don hakimi ya sa baki, amma ranar da zan tafi ya kira ni zaure, bai ko ɗago kai daga ɗinkinsa ba, ya ce, "Isiyaku, ka ji ni da kyau. Ranar da aka kawo mini ƙararka, ko ka gudo gida da ƙafarka, karatun ya ƙare. Ga tabarma nan, ga allura." Baba ba ya maimaita magana, kuma ban taɓa ganin ya janye ta ba. Ni kuwa na tsani allura kamar me, kuma na riga na ɗanɗana labarin ƙasa da lissafi, ina son su har cikin raina.

Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta yi bununu ba ta cika ido ba. Kafin bazara ta tsaya hatsi ya yi wuya a kasuwa. A makaranta muka fara gani a kwano. Malmalar tuwo ta rage girma, sannan aka fara gauraya garin dawa da na rogo, tuwon ya koma mai danƙo yana kama haƙori. Miyar kuka ta tsinke har kana ganin gindin kwano. Nama da ake ba mu ran Juma'a ya koma labari. Rijiyar makaranta ta ja baya, aka ƙara wa guga igiya sau biyu, abin da ke fitowa kuma ja ne, sai an ajiye shi ya kwanta. Duwatsun da suka kewaye Bauchi su kan sha rana tun safe, in yamma ta yi su mayar mana da ita, ka taɓa bangon ɗaki ka ji shi da ɗumi har bayan magariba.

Cikin wannan hali azumi ya kama. A gida rabin yini nake yi, Inna ta ce za ta haɗa mini biyu-biyu ta ɗinke su zama ɗaya. A Midil babu mai ɗinke maka, kuma ba wanda zai yarda a gan shi yana shan ruwa da azahar. Da asuba a buga ƙarfe mu yi sahur da kunu da ɗumamen tuwo, mu yi salla, gari na wayewa mu tafi gona tun rana ba ta yi zafi ba. Shara muke yi, muna tattara karan bara da ƙaya muna ƙonawa, muna kwasar taki daga turken shanun makaranta a kwando. Daga nan aji. Wajen sha biyu harshe ya manne da dasashi, alli na ƙara a kan allo kana jin sa cikin kai. Bayan azahar kowa ya nemi inuwa ya kwanta rigingine a kan siminti. Masu ƙarfin hali su jiƙa riga su rufa. Da la'asar a ja ruwa a cika randuna, sai zaman jiran ladan. In an sha ruwa, kunun tsamiya ludayi uku da malmala ɗaya, ka cinye ka suɗe kwano, cikinka na tambayar ina sauran.

Mai kula da gona shi ne Malam Ɗanjuma, gajere, kakkaura, mai ƙaramar murya. Ban taɓa ganin sa da bulala ba, amma mun fi tsoron sa a kan masu bulalar. Yana da wata al'ada tasa. Ban da babbar gonar dawa da kowa ke nomawa tare, kowane ɗan aji ɗaya yana da fegi nasa, kunya goma, da sunansa a jikin turke. Tun farkon zango sai ya auna wa kowa mudu ɗaya na gyaɗa da ɓawonta, ya zuba masa a 'yar jakar ƙyalle, ya ce, "Wannan irinka ne. Ba zan ajiye maka ba. Kai za ka tsare shi daga ɓera da gara har ranar da ruwa ya sauka." Na ji an ce a shekarar nan wasu malamai sun ba shi shawara ya kulle irin a sito, tunda yara na jin yunwa. Ya ce a shekarar yunwa ne ma ake koyon riƙon iri.

To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jakata na rataye a ƙusa daidai kan gadona. Ran huɗu ga azumi, bayan mun sha ruwa, na shiga ɗaki ɗaukar buta, sai na ji hannuna cikin jakar. Ƙwaya uku kawai na ɓare. Har yau ina jin garɗin nan a bakina, busasshiyar gyaɗa mai mai, tana narkewa a hankali. Na ce wa kaina mene ne uku a cikin mudu. Kashegari biyar. Na tabbatar wa kaina cewa Malam ya auna da yawa ne, kunya goma ba za ta ci mudu guda ba. Ni ɗan birni ne, ɗan maɗinki, ban taɓa ganin an kwana da yunwa ga hatsi a rumbu an ƙi taɓawa ba. A wurina gyaɗa abin ci ce da ake saye a faranti a bakin kasuwa.

Maƙwabcin gadona Bulus ne, ɗan wani ƙauye cikin duwatsun kudu, ɗaya daga cikin Kirista huɗu da ke ajinmu. Ba ya azumi, ana ba su abincin rana, amma sai ya kai kwanonsa bayan ɗakin girki ya ci a ɓoye don kada mu gani. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, komai "shi" ne, muna yi masa dariya yana ramawa da lissafi. Wata rana ya shigo ya same ni ina tura ɓawo ƙarƙashin tabarma. Ya tsaya ya dube ni kamar ya ga ina cin wani abin ƙyama.

"Isiyaku, wannan ba abinci ba ne," ya ce. "Wannan gona ne."

"Kaɗan ne fa. Ko za ka ɗanɗana?"

Ya ja da baya. "A gidanmu ko yaro yana kuka, mamana ba ya taɓa tukunyan iri. Wanda ya ci iri, ya ci na baɗi."

Na ce masa ya ji da nasa. Bai gaya wa kowa ba. Na daina kwana biyu, na koma. Ruwa bai zo ba, hadari na ta yaudara irin na bana, ni kuma ina ta ɓara. Da jakar ta fara lotsewa sai na riƙa tsinto tsakuwa ina zubawa don ta ci gaba da cika ido. Ran sha biyar ga wata na zura hannu har gindi, na lalube ko'ina, ban ji komai ba sai tsakuwa.

Ran sha bakwai, wajen la'asar sakaliya, iska ta juya. Ta zo da sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tun kafin ɗigo ɗaya ya faɗo. Tsawa ta fashe a kan duwatsu, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fito tsakar makaranta suna tsalle, masu azumi sun datse baki kada ya shiga, suna dariya ta hanci. Aka tara bokitai da kwanoni ƙarƙashin indararo. Kowa na murna, ni kaɗai na tsaya a bakin ƙofa ina addu'ar ya ɗauke kafin ƙasa ta jiƙu. Bai ɗauke ba sai da ya ƙoshi. Malam Ɗanjuma ya fito cikin ruwan, ya tona ƙasa da yatsa, ya ga damshin ya wuce tsawon hannu, ya ce kowa ya ɓare irinsa, gobe shuka.

Da safe muka fara da babbar gona. Manya na gaba da sungumi suna sara, mu muna biye muna jefa dawa muna rufewa da diddige. Ƙasa ta yi laushi, tana shiga tsakanin yatsun ƙafa, gari ya yi sanyi har mun manta da azumi. Sannan aka yi huɗa, kowa ya koma feginsa. A nan na yi dabarar da nake ganin babu mai kama ni. Na rataya jakata a wuya kamar kowa, na tona rami, na sa hannu a jaka, na sunkuya, na buɗe hannu babu komai, na rufe da ƙafa. Haka na bi kunya goma, rami bayan rami, har ina goge gumi. Lissafina shi ne in ba ta fito ba in ce kurege ne ya tone, ko irin ne ya ruɓe. Bulus na feginsa kusa da nawa, ko kallona bai yi ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa kuwa ramuka ne wajen ɗari biyu. Ruwa ya sake sauka sau biyu. Kwana shida, ƙasa ta fara tsagewa a kan kunyoyi, gyaɗa na turo kai. Kwana takwas, fegi ashirin da tara sun yi kore shar, layi-layi, ganye na sheƙi da raɓa. A tsakiyarsu ga nawa, ja wur, ko tsiro ɗaya babu, ga turke da sunana a rubuce da manyan baƙaƙe. Daga bakin hanya ma ana hango shi.

Malam Ɗanjuma ya zo zagaye, mu duka muna biye. Ya tsaya a kaina. Na ce kurege ne. Ya tsuguna, ya tona rami ɗaya da yatsa, ya tona na biyu, ya tsallaka wata kunyar ya tona na uku. Ya karkaɗe hannu.

"Kuregen nan mai ladabi ne," in ji shi. "Ya ci, ya mayar da ƙasa, ya daddale da diddige."

Yara suka fashe da dariya, ya ɗaga hannu suka yi tsit. Ya sallame su, ya ce in tsaya. Na san abin da ke biye, takarda zuwa ofis, masinja zuwa Ƙofar Wambai, tabarma da allura. Na fara kuka, kukan da na yi sati uku ina haɗiyewa, na gaya masa komai, har tsakuwar, har sharaɗin Baba. Ya bar ni sai da na gama.

"Da ɗan elemantare ne kai," ya ce, "da na zane ka na kai ka gida riƙe da kunne, gobe ka manta. Da babba ne kai, da na ce ka ci amana, a kore ka. Ba ka cikin ko ɗaya. Ba zan doke ka ba, ba kuma zan rubuta ba. Fegin nan naka ne har kaka. Ba za a tuge turken ba, ba za a ba ka wani iri ba, don babu. Kullum da safe za ka zo ka nome shi kamar kowa."

"Malam, in nome me? Babu komai a ciki."

"Ciyawa za ta fito ai. Ita ba ta jiran iri." Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Maganar mahaifinka kuwa, ta rage taka. Hutun salla ya kusa."

Da ya zane ni da ya fi mini sauƙi. Kwana huɗu ina tsugunne cikin jar ƙasa ina cire ciyawa a gonar da babu amfani, kowa na gani. Aka sa mini suna Kurege, sunan da ya bi ni har wurin aiki, har wasu tsofaffin da suka rage yau in sun kira waya da shi suke farawa. Bulus ne ya zo ya tsuguna kusa da ni ran na uku, yana taya ni cira.

"Gyaɗa ya wuce ka," ya ce. "Amma a wurinmu muna dasa dauro. Ana cire shi ƙarami, a yanke kan ganye, a kafa a wani wuri. Dawa ma yana yarda in an yi ranan ruwa. Bayan salla za a rage na babban gona, za a zubar. Ka roƙi Malam."

Na roƙa. Malam ya ce abin da za a zubar ba shi da mai shi, in ɗauka.

Abin da na so Nasiru ya gane ke nan, ban sani ba ko ya gane. Malaman nan ba su da wani aiki sai 'yan shekarun nan huɗu na rayuwar yaro, sun san su ciki da waje kamar yadda makiyayi ya san garkensa. Babu ƙanana a ƙasa da mu da za mu yi wa mulki, babu masu gemu a sama da za su danne mu, sai mu da sa'o'inmu da kurakuranmu. Ban ce komai na da ya fi na yanzu ba. Midil kaɗan take ɗauka, ta bar dubbai a waje, kuma da a zamaninmu aka haifi Hafsatu ko ƙofarta ba za ta gani ba. Kafin a ba da mulkin kai ma an wargaza ta, aka mayar da azuzuwan ƙasa firamare, na sama suka zama sakandare, ni kaina a sabon tsarin na ƙarasa. Amma in na ga 'yar shekara sha ɗaya tana shiga ƙofa ɗaya da ƙatti 'yan sha takwas, aji ya cika maƙil, malami bai san sunanta ba, sai in tambayi kaina wa zai tsuguna ya tona mata rami da yatsa.

Aka ba mu hutun salla na mako guda. Na iso gida na tarar yunwar makaranta wasa ce. Wuyan Inna ya fito, ƙannena biyu sun yi zuru-zuru, tafasa da rama ake kwaɗawa da ɗan ƙuli a ci da rana. A shekarar da mutane ke neman hatsi ba mai ba da ɗinkin babbar riga, Baba ya yi sallar ne da tsohuwar rigarsa, shi da ke yi wa gari ado. Duk da haka Inna ta ajiye mini tuwo mafi girma, wai ɗan makaranta ya rame. Na ci ina jin kunya. Kwana shida ina kai-kawo a bakin zaure. Babu wanda ya sani, babu takardar da za ta zo, in na yi shiru shi ke nan. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga jan fegin nan da sunana a kai, kuma na gaji da zuba tsakuwa a jaka.

Ana gobe komawa, bayan la'asar, na shiga na durƙusa na faɗa masa. Yana riƙe da allura yana gyaran wata hula. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya tambaye ni.

"Da rana ka ci?"

"A'a, Baba. Sai an sha ruwa."

"Malamin ne ya turo ka?"

"A'a. Cewa ya yi ta rage tawa."

"Yunwa ce?"

Na ce i. Ya kawar da kai wajen bango. Na ɗauka zai yi faɗa, da na fi so ya yi. Sai ya soke allurar a jikin hular, ya ce, "Gobe tare za mu tafi. Ka ce wa uwarka ta naɗa gammo."

Na san ma'anar gammo. Akwatina na ƙarfe ne, ba a ɗaukar sa da tsurar kai.

Muka fita da sassafe ana yayyafi, shi a gaba, ni a baya, gammon tsumma a hannunsa. Bai taɓa taka makarantar boko ba sai ran nan. Muka tarar da 'yan ajinmu a babbar gona suna rage dawa, inda ta fito biyar a bar biyu. Bulus ya riga ya tara mini dami uku a bakin fegina, ya yanke kawunansu, saiwoyin na lulluɓe da laka. Baba ya tsaya ya dubi gyaɗar mutane, ta rufe kunyoyi, ya dubi tawa jar ƙasar, ya karanta turken duk da ba ya karatun boko, ya san siffar sunana. Malam Ɗanjuma ya ƙaraso suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, da barka da salla da ya ruwa.

"Malam, na zo ɗaukar akwatin yaron nan ne."

"Akwati na ɗaki, ba mai hana ka," in ji Malam Ɗanjuma. "Ɗanka ne. Sai dai ruwan dashe ne ake yi yanzu, in rana ta fito damin nan ya mutu. Ko ka bari ya kafa su tukuna?"

Ban jira amsar Baba ba. Ni dai na tuɓe riga na shiga. Bulus ya nuna mini sau ɗaya, a soka tsinke, a sa saiwa, a danne da babban yatsa har sai ka ja ganye ka ji ya riƙe. Na kama. Na farko ya kwanta, na tayar da shi. Yayyafi na sauka a bayana, laka har gwiwa, ban ɗago ba. Ban san ko ina dasa abin da wani zai girba ba ne, amma na rantse a raina ko za a tafi da ni yau ba zan bar rami ɗaya babu komai a ciki ba. Kunya ɗaya, biyu, biyar. Baba na tsaye a inda yake, rigarsa ta jiƙe ta manne a kafaɗa, mutumin da ko raɓa ba ya bari ta taɓa zare.

Da na kai ƙarshen ta goma na miƙe, bayana kamar zai karye. Fegin ya cika da 'yan tsirrai masu yankakken kai, sun karkace kowanne da inda ya nufa, abin dariya kusa da gyaɗar mutane. Baba ya matso, ya sunkuya, ya kama ganye ɗaya ya ja a hankali, kamar yadda yake jan zare ya ji ko ɗinki ya kama. Bai tuge ba. Ya dubi Bulus.

"Kai yaro, wannan yaushe take nuna?"

"Sai sanyi ya shigo, Baba. Shi ne na ƙarshe. Kowa zai cire gyaɗansa ya bar shi."

Baba ya jinjina kai. Ya goge yatsunsa a gefen riga, ya dube ni, karo na farko tun jiya.

"In ta nuna, ka kawo mini zangarniya ɗaya in gani."

Ya yi wa Malam sallama, ya juya ya kama hanyar Ƙofar Wambai cikin yayyafi, gammon na lilo a hannunsa.